Gidan da Na Saya a Lokacin Tumatur

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ta bayan ƙaramar Sallah ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, akwai waɗanda Allah ya ja da ransu suna tuna mini. Muna tsakiyar shekarun tamanin a lokacin, ina koyar da Arabiyya da addini a wata firamare a cikin birnin Kano. Ni ba ɗan boko ba ne. Allo na yi, na ɗauki littattafai a zaure, hannuna ya saba tafiya daga dama zuwa hagu (har yau in na kama wannan rubutu na boko, ji nake kamar na sa riga a bai-bai). An ɗauke mu aiki ne sa'ad da makarantu suka yawaita aka rasa malamai, kuma mun sani sarai cewa wanda ba shi da takardar shaida, zamansa a hannun hedimasta yake. In ya rubuta alheri ka zauna, in ya rubuta wani abu dabam ka koma gida. Ga shi kuma ni ke buɗe taron safe da addu'a. Wani malamin in ya makara yana iya sulalewa ta bayan aji. Ni in na makara, makaranta duka tana tsaye a rana tana jirana.

Haya muke yi a lokacin, ni da mai ɗakina Rabi da yara, a wani gida mai mutane da yawa da rijiya ɗaya. Na gaji. Rabi ta fi ni gajiya, amma ita ba ta faɗi, sai dai in ji ta tana yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Gida a cikin birni ya fi ƙarfina, wannan ba sai an yi dogon tunani ba. Sai na je garinmu, can arewa da Kano, na sayar da rabona na gonar gado, na dawo da niyyar sayen gida a wajen gari. Sharaɗina ɗaya ne: wurin da zan yi sallar asuba, in samu mota, in iso makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa.

Maganar ta zama abin hira a ƙarƙashin darbejiyar da malamai ke zama lokacin tara. Kowa da garin da yake yi wa talla. Akwai Malam Sule, malamin lissafi, Bazazzage ne, saboda haka tsakanina da shi babu kunya, abokan wasa ne mu. Shi a Dawakin Kudu yake zaune, kullum daga can yake zuwa.

"Zo Dawaki, Alaramma," in ji shi. "Mota ba ta yankewa, ga makarantu, ga kasuwa. In ka zo ma sai in riƙa koya maka yadda ake zama da mutane."

Na je Dawaki na gani, kuma in faɗi gaskiya babu abin da ya same ta. Amma na ce a raina, in ga Bazazzage a makaranta, in kuma waiwaya a sahun asuba in gan shi, wannan jarrabawa ta yi yawa. Na je Madobi, na zauna a tasha ina jiran mota ta cika har na sauke hizbi guda, na ce a'a. Kura kuwa tana bakin kwalta, kan hanyar Zariya, duk motar da ta wuce taka ce, amma masu gidajen bakin hanya su ma sun san haka, kuma sun sa sanin nasu a cikin farashi.

Ana cikin haka wani mai kawo kayan miya unguwarmu ya ba ni labarin wani gida a ƙauyensu, tsakanin Kura da Bunkure, a cikin yankin noman rani. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don mutanensa maƙwabtana ne yau. Ya ce mai gidan zai sayar ne don yana so ya matsa kusa da kwalta. (Mai hankali a nan zai tsaya ya tambayi dalilin da ya sa mutum ke gudun gidansa zuwa kwalta. Ni kuwa abin da na tambaya shi ne ko akwai masallaci kusa.)

Na tafi ranar wata Lahadi a tsakiyar rani, na kwana a zauren maƙwabcin gidan, wani dattijo mai suna Malam Idi, mutum mai ƙarancin magana. Da muka fito daga sallar asuba gari ya fara haske, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Ruwa yana gudu a cikin kanal, an jawo shi tun daga Tiga, ya kasu ƙanana-ƙanana yana shiga gonaki. Alkama kore shar, albasa, tumatur ja wur a cikin kwanduna an jera su a bakin hanya. A rani fa. Mu a garinmu ruwa daga sama kawai yake zuwa, in ya ɗauke sai ƙasa ta yi fari, maza su tafi ci-rani, a bar tsofaffi da awaki. Na tsaya ina ta tasbihi.

Sannan ga motoci. Akori-kura wannan bayan wannan, manyan motoci na jiran lodi, direbobi na kiran mutane. Ban ma ɗaga hannu ba wani ya leƙo ya ce, "Malam, birni? Shigo gaba." Na shiga gaba, kwandunan tumatur a bayanmu, muka bi gefen kanal muka hau kwalta. Na isa makaranta maigadi bai gama shara ba. Na sake gwadawa wani makon, na kuma sake, kowane karo haka.

To, a nan ne ilmina ya shigo. Mun karanta ƙiyasi a zaure, wato auna abin da ba ka gani ba da abin da ka gani. Na ce, rani shi ne lokacin da gari ke mutuwa, kowa ya san wannan. A garinmu mota ba ta zuwa da rani sai ranar kasuwa, sai damina ta kankama a ga motsi, da kaka kuwa a rasa inda za a sa ƙafa. In har a rani, lokacin mutuwar gari, motoci sun kai haka a nan, to ina ga damina? Na faɗi wannan a gaban Malam Idi, ina kaɗa yatsa. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Allah ya sa alheri, Malam." Na ɗauka ya gamsu ne. Aka kira shaidu, aka yi ciniki, aka shafa fatiha.

Daga ranar kuwa malaman makarantarmu ba su huta ba. Kullum lokacin tara sai na kawo zancen. Ina jin akwai wani abu a zuciyata game da 'yan boko, ina so su ga cewa mu ma na zaure mun iya auna al'amari.

"Ni gidana mota har ƙofa," nake ce musu. "Ba na zuwa tasha, tasha ce ke zuwa wurina."

"Bakano ya samu abu mai araha," in ji Malam Sule. "Ku bar shi. Ko rami aka ce masa an rage kuɗi, sai ya saya ya ce rijiya ce."

Sai azumi ya kama, shekarun nan da yake faɗowa a ƙarshen bazara, ga zafi. Ban sake zuwa ƙauyen ba. Na bar wa Malam Idi amanar yaɓe da gyaran indararo, na ce bayan Sallah za mu tare. Na kuma gayyaci hedimasta da duk malamai maza walima, Lahadin farko bayan an koma makaranta. Hedimastanmu Malam Garba mutum ne mai natsuwa, ya manyanta, yana fama da ciwon gwiwa, ba ya son yawo. Sai da na yi ta roƙo ya amsa.

Ranar Asabar muka ɗauki shatar mota muka kwashe kaya. An riga an yi ruwa sau da dama, hanyar gefen kanal ta yi laushi, direba yana ta tsaki, ni kuwa ina nuna wa Rabi gonaki. Na lura babu kwanduna a bakin hanya, na ce ƙila an riga an kwashe na yau. Da yamma Rabi tana jera kwanuka, ta ce, "Malam, tun da muka sauka ban ji ƙarar mota ba."

Na ce, "Asabar ce."

Da safe kuma ta aika a sayo tumatur na miyar baƙi, aka dawo mata da busasshe. Ta ce, "Malam, garin tumatur ne babu ɗanyen tumatur?" Na ce mata busasshe ya fi ɗanɗano, ta yi sauri baƙi na hanya. Allah ya aiko mini da gargaɗi sau biyu ta bakin matata, na amsa duka biyun da fatawa.

Baƙi suka iso wajen azahar. Sun hau bas zuwa Kura, daga nan suka yi shatar wata akori-kura ta shigo da su. Hedimasta a gaba da farar babbar riga, sauran a baya sun rirriƙe ƙarfe. Da suka sauka, direban ya ce, "Ranka ya daɗe, in dawo in ɗauke ku da la'asar?"

Hedimasta ya buɗe baki zai amsa, na riga shi. Wannan ita ce maganar da in na tuna ta, ko a cikin mutane nake, sai na runtse ido.

"Kada ka wahalar da kanka, ɗana. Nan mota ba abin nema ba ce. In sun tashi tafiya sai sun zaɓa."

Direban ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ya juya motarsa ya tafi.

Walima ta yi kyau, wannan kam ba a musu. Aka ci tuwon shinkafa, aka sha fura, aka zaga gida, aka yaba faɗin tsakar gida da bishiyar mangwaro. Hedimasta ya yi addu'a mai tsawo, ya ce na yi dabara. Muka yi la'asar a masallaci, sannan na ja su zuwa bakin hanya ina cewa kada su yi gardama da direbobi a kan kujerar gaba, a bar wa hedimasta.

Muka tsaya. Wani mai jaki ya wuce, ya yi mana sallama. Wata mata ta wuce da itace a ka. Can sai muka ji ƙara daga nesa, na ce, "Ga ta nan." Ashe tsawa ce.

"Alaramma," in ji Malam Sule, "ni na kasa zaɓa. Wacce kake ganin ta fi, jar ko shuɗiyar?"

Malamai suka yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Na hango Malam Idi yana dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa, na tare shi, na rage murya na ce, "Malam Idi, yau motoci sun makara."

Shi bai rage tasa ba. Ya ce, "Wace mota, Malam? Ai tumatur ya ƙare tun kafin azumi. Sai kuma shinkafa ta nuna, ka ga ɗaya-ɗaya. Motoci sosai kam sai rani, in Allah ya kai mu."

Kowa ya ji. Na ce, "Amma na faɗa a gabanka cewa da damina za su ƙaru, ba ka ce komai ba."

"Na ji ka faɗa," in ji shi. "Na ga kai malami ne, daga birni kuma. Na ce ƙila akwai wani shiri da aka yi wanda mu ba mu ji ba."

A nan na gane abin da na yi. Ni na zo da shekarar garinmu a kaina, inda rani mutuwa ne, damina rayuwa. Su kuwa tun da aka kawo musu ruwan kanal shekararsu ta juya. Motocin da na gani ba don mutane suke zuwa ba, don tumatur suke zuwa, ni kuwa alfarmar tumatur na ci har na zaci tawa ce.

Samarin malamai suka ce a taka da ƙafa zuwa kwalta. Kafin a gama shawara hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, muka ruga zaure. Da ya tsagaita, magariba ta yi, Malam Idi ya ce ruwa ya haura kwalbatin da ke kan hanya, babu mai ƙetarewa sai da safe. Haka malaman makaranta guda suka kwana a zaurena da na Malam Idi, a kan tabarmin aro. Hedimasta ya juya ya kwanta abinsa. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi.

Da asuba Malam Idi ya ɗaura wa shanunsa amalanke. Aka ɗora hedimasta saboda gwiwarsa, ya naɗe babbar riga ya rungume ta a ƙirji, ya zauna a kan buhun taki. Mu kuwa muka bi a baya, takalma a hannu, wando a naɗe, taɓo har ƙwauri. Duk inda amalanke ya kafe mu tura. Malam Sule yana turawa yana cewa, "A hankali, direba, kujerar gaba ce." A Kura masu bas suka ƙi ɗaukarmu sai da muka wanke ƙafafu a bakin wata rijiya.

Duk wannan da sauƙi. Ni a hanya abin da nake tunani shi ne makara, ban kawo komai a raina ba bayan wannan. Sai da muka shawo kwanar makaranta, rana ta riga ta ɗaga, na ga taron mutane a bakin ƙofa. Ba yara kaɗai ba. Iyayen malamai, ƙannensu, surukansu. Lokacin babu waya a hannun kowa. Mutum ya ce wa iyalinsa zai je walima ya dawo kafin magariba, ya hau hanyar Zariya, ga ruwa, bai dawo ba. Wasu tun asuba sun zaga asibitoci. Wani tsoho, mahaifin ɗaya daga cikin samarin malamai, da ya hango ɗansa sai ya zauna a ƙasa kawai, ya rufe fuska da hannun riga. Dariyar da ta rage a bakin Malam Sule ma ta ɗauke.

Sai ga wata tsohuwa ta ratso mutane da sanda, mahaifiyar hedimasta. Ta dubi ɗanta tun daga hula har ƙafa, mutumin da ya yi jika, ta ce, "Garba, a ina ka kwana?" Ya sunkuyar da kai ya yi mata bayani a hankali. Ta ce, "Wane ne mai gidan?"

Babu wanda ya nuna ni. Darewa kawai suka yi, aka bar ni a tsakiya da takalmi mai taɓo. Na durƙusa na gaishe ta.

"Kai ne malamin addinin?"

"Ni ne, Hajiya."

"Kai ke koya wa yara faɗin gaskiya?"

"Ni ne, Hajiya."

"To, Allah ya sanya albarka a gidan. Amma in ka sake yin walima, ɗan nan, ka aiko musu da tuwon nan birni."

Yara suna jin komai. Aka kaɗa ƙararrawa a makare, aka yi layi, hedimasta ya ce, "Malam, addu'a." Na fito gaban ɗalibai da busasshen taɓo a gefen riga, na ɗaga hannu. Ban taɓa yin addu'ar neman tsari daga jiji da kai da gaske kamar ta wannan safiya ba, kuma ban taɓa jin amin mai ƙarfi daga bakin malamai kamar tata ba.

Bayan an shiga aji hedimasta ya kira ni ofis. Na shiga ina jiran hukunci. Ya ce in zauna, ya daɗe yana murza gwiwarsa, sannan ya ce, "Malam, na jiya ya wuce. Gobe yaya za ka zo?"

Gona na sayar, ɗakin haya an ba wani, Rabi da yara suna can ƙarshen hanyar da mota ba ta bi. Na ce zan yi ƙoƙari. Na samu tsohon keke, ina yin asuba in bi gefen kanal in ajiye shi wurin wani mai shayi a Kura, in hau bas. Ranar da gari ya yi sarari ina isa a kan kari. Ranar da aka kwana ana ruwa, keken ne ke hawa kaina. Makaranta ta tsaya a rana tana jirana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har aka fara sa wani malami ya riƙa buɗe taro. Na san abin da wannan ke nufi. Rabi ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa" ba, sai dai kullum ta tashi kafin ni ta duba sama.

Kafin damina ta fita hedimasta ya sake kirana, ya ce ya rubuta wa ofishin ilmi a kaina. Ya ce ya gaya musu gaskiya, cewa ba zan iya riƙe aiki a birni ba, ya kuma gaya musu cewa firamaren da ke ƙauyenmu ba ta da malamin Arabiyya, don babu wanda ke yarda a tura shi can saboda rashin mota. Ya ce, "Kai kuwa ka riga ka tura kanka."

A wancan zamani a ɗauke malami daga birni a kai shi ƙauye horo ne, kuma haka kowa ya ɗauke shi, har da ni. Na yi kwanaki ina jin kunyar fita. Amma a wannan makaranta na ƙare aikina. Daga ƙofar gidana ina jin ƙararrawarta, ban sake makara ba. Yaran da na koya wa alifun ba'un su ne ke noman gonakin nan yanzu, in rani ya yi sai in tarar da kwando a zaure ban san wanda ya ajiye ba. Na yi wata da watanni ina auna hanyar zuwa birni, ashe Allah ya riga ya rubuta cewa ba birnin zan riƙa zuwa ba.

Malam Sule bai bar ni ba. Duk shekara yakan kawo mini ziyara, amma ba ya zuwa sai tumatur ya nuna, kuma kafin ya yi sallama sai ya ce wa direba, da ƙarfi don in ji, kada ya kashe mota.

Yanzu in saurayi ya zo neman shawara a kan inda zai sayi gida, ba na yi masa ƙiyasi. Nakan ce ya je ya ga wurin da rani, ya koma da damina, in ya ga motoci ya leƙa bayansu ya ga abin da suka zo ɗauka. Sannan in matarsa ta ce ba ta ji ƙarar mota ba, kada ya ce mata Asabar ce.